Matar Direban Jirgi

Tsohuwar da ke zaune a gabana cikin jirgin ƙasa ta ƙi jingina da kujera. 'Yar firit ce, mayafinta ya koɗe, tafin hannunta na manne da gilashin taga kamar mai duba zazzaɓin yaro. Duk sanda jirgin ya yi kuka sai ta zabura, ta gyara ɗankwali, sannan ta yi wa kanta dariya.

Na kasa haƙuri. "Iya, lafiya dai?"

"Sabo ne, ɗan nan. Marigayi maigidana direban jirgi ne. In ya kusa gidanmu sai ya ja kukan nan da tsawo, ni kuma in ɗora ruwan wanka. Ban taɓa shiga ba sai yau."

Ina jin ba wani gari za ta ba. Can sai ga wasu tsofaffin gidajen ma'aikatan jirgi a bakin layin dogo, rufinsu duk tsatsa. Ta miƙe tsaye, ta kasa kunne. Jirgin ya wuce su shiru.

Ta koma ta zauna, ta taɓe baki. "Wannan direban ba mai jiransa a gida."