Sallar 'Yata a Ƙarƙashin Bene

In sanyi ya shigo Birmingham, azahar da la'asar duk a makaranta suke riskar yara. Babbar 'yata, tana 'yar shekara goma sha uku lokacin, ta samo wani lungu a ƙarƙashin matakalar bene, tana shimfiɗa rigar sanyinta ta yi salla. Wata malama ta tashe ta tana tsakiyar sujada, wai ta tare hanya. Yarinyar ta dawo ta ce daga yau sai dai ta riƙa ramawa da magariba. Ranar ko abinci ban iya ci ba.

Mu biyar ne matan Hausawa masu 'ya'ya a makarantar. A falona na unguwar Balsall Heath kowacce ta cika baki cewa za mu nemo wa yaran wurin salla.

"Hajiya, ke dai ki fara, muna bayanki," in ji ɗaya daga cikinsu, matar likita.

Ranar taron iyaye na miƙe da Turancina na sakandare, na roƙi ɗaki ko da ƙarami ne. Shugaban makarantar ya yi murmushin nan nasu, ya ce za su duba. Na waiwaya. Matar likita na laluben jaka, sauran sun duƙufa a kan waya.

Wadda ta miƙe maƙwabciyata ce, Ba'amurkiya mai gicciye a wuya, mijinta ma'aikacin coci. Ita ce ƙawayena suka sha ja min kunne a kanta, wai irinsu ba sa ƙaunarmu. Ta ce a ƙasarsu an rubuta a tsarin mulki cewa hukuma ba ta hana mutum ibada, kuma ita an tashe ta a kan cewa ba gwamnati ke ba da wannan 'yancin ba, Mahalicci ne.

"Madam, nan ba Amurka ba ce," in ji shugaban.

"Na sani. Yarinyar ma ba Amurka take wa sujada ba. In an tashe ta yau, gobe ɗana za a hana yin addu'a kafin cin abinci."

Ba ta zauna ba sai da ya tuna akwai ɗakin ajiyar kujeru.

A bakin ƙofa matar likita ta raɗa min, "Kin san takardun zamanmu ba su gama fitowa ba." Na ce ai Ba'amurkiyar ma da biza take zaune. Har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi zafi.

Washegari na kai wa maƙwabciyata waina. Ta karɓa tana dariya.

"Maƙwabciya, har yanzu ina addu'ar ki zo cocinmu."

"Ni ma kullum ina roƙa miki shiriya."

'Yata ta ci gaba da salla a kan lokaci, tsakanin kujeru. 'Ya'yan matan nan huɗu ma a nan suke yi. A cikin iyayensu babu wadda ta taɓa ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabciyata ta ce mata sannu.