Rafin da Ke Ƙarƙashin Gidan Tawada

Shekara ashirin da shida ta yi a ofishin safiyo tana zana taswira da hannu, har sunanta na yanka ya ɓace, kowa sai ya ce Tawada. Ba sharri aka yi mata ba. Gefen hannunta na dama baƙi ƙirin yake, sabulu ya yi ya gaji ya haƙura. Teburinta na bakin taga, ƙafarsa ɗaya an tokare ta da tsohon fayil, kuma in ta ja layi a kansa ba ta sake shi.

Sai aka kawo kwamfutoci da hotunan tauraron ɗan'adam. Aikin da take wata uku a kai, sababbin ma'aikata kafin shayinsu ya huce sun gama. Ba wanda ya kore ta, a'a. Gaishe ta ake yi da ladabi, sannan a wuce da aikin teburin gaba. Wallahi wannan ladabin ne ya fi ci mata rai. Tana da digirin farko da ta yi a karatun ƙarshen mako, don haka tana shekara arba'in da tara ta je jami'a ta yanki fom ɗin digiri na biyu, fannin taswirar kwamfuta da nazarin ƙasa daga sama.

Mijinta tela ne, mutum mai tsokana. Ya ɗago daga keken ɗinki ya ce, "To, Ɗaliba, in saya miki kwandon abinci da farar safa?"

"Saya, Baban yara. Ka haɗa da alawa."

Zangon farko ta sha wuya ba kaɗan ba. Hannun da ya saba da alƙalami ya ƙi linzamin kwamfuta ƙememe. Rannan aikin sati biyu ya ɓace ɓat don ba ta adana shi ba. Ta shiga banɗaki ta yi kukanta, ta wanke fuska, ta dawo ta faro daga farko. 'Yan ajin Mama suke ce mata, har malamin da ke duba bincikenta, Dakta, wanda bai kai ƙaninta na uku ba.

Binciken nata taswirar ambaliya ce ta garinsu, kuma ba ta ajiya a kabad ba ce, hukumar tsara gari na jiranta. Inda aka shafa wa ja, an hana sabon gini, gidajen da ke tsakiyar hanyar ruwa kuwa tashinsu za a yi. Kwamfuta ta ɗauki hotuna da tudu da kwarin ƙasa, ta lissafa, ta shafa launi. Dakta ya duba ya ce madalla, saura wata biyu ta kare aikinta gaban malamai.

Ita ko idonta ya maƙale a unguwar bayan tasha, unguwarsu. Kore shar, wai babu haɗari. Wani abu ya riƙa sukar ta a rai. Washegari ta karɓi mabuɗin ɗakin ajiya na ofis, ta yini tana atishawa cikin tsofaffin takardu, har ta zaro wadda take nema. Zanenta ne na shekarar da ta fara aiki, lokacin wurin duk gonaki ne. Ga siririn layi shuɗi ya ratsa ta tsakiya: rafi. Daga baya aka cike shi da shara da jar ƙasa aka yi gini a kai. Tauraro kwanon rufi kawai yake gani, ina zai san abin da aka binne?

Ta ɗora tsohon zanen a kan sabon hoto, ta daidaita su da gadar jirgi da tankin ruwa. Layin ya bi tituna uku, ya gogi katangar firamare, ya shige gidanta ta ƙarƙashin ɗakin girki. Ta sake bin layin da yatsa. Ashe shi ya sa bangon nan ba ya bushewa! Duk damina Baban yara sai ya tsine wa magini, bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba.

Da ta nuna wa Dakta, ya ce, "Mama, ki ji. Ba wanda zai tambaye ki wannan. Tsohuwar takarda ba hujja ba ce sai an tabbatar a ƙasa, wato ƙarin wata shida. Kuma kin ga inda ya bi?"

"Na gani, Dakta. Ni na zana rafin nan. Ba zan goge shi don ya bi ta ɗakin girkina ba."

Da ta faɗa wa mijinta, babu tsokana. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana taka keke kafin gidan nan ya tsaya, bulo bayan bulo. Ya ce, "Ke da hannunki?" Ya koma kan kekensa. Kwana da kwanaki sai gaisuwa, ita ma a taƙaice, abin yana cin ta amma ba ta fasa ba.

Dabararta mai sauƙi ce. Inda rafi ya kwanta, ruwan rijiya kusa yake. Ta samo igiya ta yi mata ƙulli a kowane rabin mita, ta ɗaura dutse a baki, ta rataya 'yar na'urar da ke nuna daidai inda mutum yake tsaye. Gida gida take bi tana sallama. Wasu su ba ta kujera, wasu su rufe ƙofa, wata maƙwabciya ma ta ce karatun tsufa ne ya taɓa mata kai. Rijiya ɗari da goma sha huɗu ta auna. Na nesa da layin sai an zura mita takwas, tara kafin a taɓa ruwa. Na kan layin ba sa kai biyu.

Tata ta bari ƙarshe. Ta yi sati tana kewaye ta kamar ba ta san da ita ba. Wata safiya dai ta ɗauko igiya ta tsaya a bakinta, sai ta kasa zura igiyar. Ta ji keken ɗinki ya yi shiru. Baban yara ya fito, tef ɗin awo a wuya, ya karɓi igiyar ba tare da ya dube ta ba.

"Kawo. Awo sana'ata ce."

Ya zura a hankali har dutsen ya ce tsulum. Ya jawo, ya ƙirga ƙulli da babban yatsa, ya sake ƙirgawa. Ita tana riƙe da littafi, ta kawar da kai. Duk abin da ya faɗa shi za ta rubuta, kuma ya sani.

Ya dubi bangon da ya gina, ya dubi igiyar.

"Mita ɗaya da rabi," ya ce. "Rubuta, Ɗaliba."

Ta rubuta, hawaye na ɗiga a kan lambar. Sannan ta shiga ɗaki ta buɗe kwamfuta, ta nemo rufin gidansu a cikin dubban rufi, ta shafa masa ja.