Hakim Ya Ce Sukari, Bai Ce Zuma Ba

Salamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ban ce uffan ba a nan. Ku yi haƙuri da rubutun tsohon da ya shiga ajin yamma da gemunsa.

Jikata Rabi ta haihu, namiji, kuma an sa masa sunana! Tun ranar suna bakina ya ƙi rufuwa. Amma a wurin taron wani yaro ya miƙo mini lemon kwalba, ya ce, "Kaka sha, wanga babu sukari, zuma aka sa." Raina ya ɓaci. Bari ku ji dalili.

A ƙarshen shekarun saba'in ina noman auduga a ƙauyenmu, bakin kogi, tsakanin Sinja da Abu Hujar. Ƙishirwa ta fara kama ni. In sha tulu guda, maƙogwaro na nan a bushe. Fitsari ba hutu, inda na yi kuma kiyashi su taru. Wandona ya fara zamewa daga ƙugu.

Na hau lori zuwa asibitin birni. Aka ɗiga fitsarina a wani shuɗin ruwa, aka ɗora a wuta, ya koma ja kamar bulo. Hakim, wato likita, ko ɗaga kai bai yi ba. Da Larabci ya ce, "Kana da sukkari. Ka bar sukkar." Wato ina da ciwon sukari, in bar sukari. Ya miƙo ƙwayoyi, ya kira na bayana.

Shi ke nan. Ko tambayata abin da nake ci bai yi ba.

Mu a wurinmu sukari shi ne farin nan na kanti da ake zubawa a shayi. Na bar shi tun ranar. Matata Kulu ta ce, "Malam, ba ka shan shayi salam kamar maraya ina raye." Ta sayar da akuyarta mai ciki, ta sayo zuma mai kyau daga fataken kudu. Safe zuma a shayi, rana zuma a kunu. Masu zuwa gaisuwa kowa da ƙullin dabino. Yayana ya ce rake ai ruwa ne kawai, ya kawo dami.

Kowa yana yi mini jinya da abin da ke cinye ni.

Sai ƙaya ta soke ni a babban yatsan ƙafa wajen ban ruwa. Ban ma ji zafi ba. Ciwon ya ƙi warkewa, ya yi baƙi, ya fara wari. Idanuna suka yi hazo. Kulu ta ƙara zuma, wai jikina na son ƙarfi.

A kan gadon igiya aka ɗauke ni zuwa asibitin Sinnar. Hakim na can, wani dattijo mai furfura, ya duba ƙafar ya ce idan baƙin ya wuce idon sawu, daga gwiwa za su yanke.

Manomi da ƙafa ɗaya, ga yara ƙanana. Wa zai shiga laka ya buɗe ruwa? Gonar ma ta haya ce, ƙwacewa za a yi. Na juya fuska bango na yi kuka.

Dattijon ya jawo kujera ya zauna. "Faɗa mini abin da kake ci, daga asuba har kwanciya."

Kulu ta riga ni, da alfahari. "Wallahi ya hakim, ko ƙwayar sukari bai taɓa ba. Zuma zalla nike ba shi."

Ya dafe kai. Ya ce, "Ya hajja, jini bai san kanti ba. Sukarin rake, sukarin zuma, sukarin dabino, sunansu daban, amma duk cikin jini suke faɗawa, kuma da gudu. Madara ma tana da nata. Kisra da asida, wainar dawa da tuwon nan naku, ba su da zaƙi, amma cikinsa yana mayar da su sukari a hankali. Ba wanda ya gaya muku?"

Ba wanda ya gaya mana.

Kulu ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi. "Ashe ni ce, Malam?" Na ce ba ke ba ce. Har gobe ina cewa ba ita ba ce. Wanda ya yi karatu ya san zaƙi iri-iri ne, ya ga baƙauye a gabansa ya yi masa rowar magana, shi nake jin haushi. Bayanin nan bai kai tsawon shan kofin shayi ba.

Na daɗe a kwance. Kullum da safe a tafasa sirinjin gilashi, a yi mini allura, a kankare ciwon ina cizon rawani. Bijimin nomana ya tafi a kuɗin magani da na mota. Baƙin ya tsaya. Yatsan ya tafi, ƙafar ta tsira. Da ita na koma gona, da ita na aurar da 'ya'yana.

Ciwon yana nan, muna zaune lafiya da shi. Asida kaɗan, miyar kuɓewa da ganye da yawa, wake, kifin kogi. Lemo in ci shi da ɓawon cikinsa, ba in matse in sha ba. Kowace yamma ina duba tafin ƙafata.

Na gode wa Allah. Allah Ya jiƙan Kulu, Ya jiƙan dattijon da ya jawo kujera.

Ban ce zuma ba ta da amfani ba, amma ga mai ciwon nan, zaƙi zaƙi ne. In ƙishirwa ta yi yawa ko ciwo ya ƙi warkewa, ku je a gwada jini. Ku raka tsofaffinku, musamman mai dafa musu abinci ta shiga ɗakin likita ta ji da kunnenta. In ya ce a bar sukari, kada ku tashi daga kujerar sai kun tambaye shi: wanne daga ciki?