Orval Haugen da Bindigar da Aka Ce Babu Komai Cikinta

Su biyu suka rage a gonar Kittredge da ke gindin duwatsun Montana: Darlene da 'yarta Lorna mai shekara goma, sai tumakinsu. Maigidan ya rasu, ba maƙwabci a kusa. Tsohuwar bindigar da kakan Lorna ya bari kuma ta daina fito da harsashi, daidai lokacin da kyarketai suka fara ɗauke musu 'yan raguna. Wannan ne ya kai su wurin Orval Haugen, mai gyaran bindigogi, wanda zai rufe shagonsa a ƙarshen watan nan.

Kowace safiya Orval yakan share teburinsa, ya dafa kofi, ya jera kayan aiki. Duk bindigar da aka kawo, ba ya taɓa ta da gyara sai ya leƙa cikinta da idonsa.

Lorna ce ta rungumo tasu a cinya tun daga gida, mota tana ta jijjiga su a kan duwatsu. Darlene ta ce babu komai a ciki, don ta ja hannun ɗuri har ta gaji, ko ɗaya bai fito ba. Irin ta da ce, mai dogon bututu a ƙarƙashin baki, inda harsasai ke jeruwa, sifirin, wato naɗaɗɗiyar waya, yana turo su. Orval ya duba, sai Lorna ta ga fuskarsa ta canza. Sifirin ne ya karye, amma bututun cike yake. Kuma marigayi maigidan ya ɗura masu tsinin kai, waɗanda ba a sa wa irin wannan bindiga, domin kowane tsini yana zaune a gindin na gabansa. Bugu ɗaya mai ƙarfi, duka su tashi.

"A cinya kika riƙo ta, 'yar nan?"

"E, Baba Orval."

"To, ja hannun mamanki, ku tsallaka titi. Kada ku dawo sai na kira."

Darlene ta tambaye shi, shi fa? Ya ce shi ya tsufa da gudu, kuma ba zai bar kofinsa ya huce ba.

Murfin bututun ya yi tsatsa, ba damar sa guduma. Da mai da haƙuri ya yi ta lallaɓa shi. Lorna tana tsaye a tsallaken titi, ta toshe kunnuwa, tana tuna kowane rami da suka faɗa a hanya. Da ya leƙo ya yafito su, harsasan suna jere a kan tsumma. Ya miƙa hannu zai ɗauki kofi, hannun yana karkarwa, sai ya fasa.

Ba a sayar da irin wannan sifirin yanzu. Da hannunsa ya naɗa sabo, ya haɗa su da harsasai masu faɗin kai.

Orval, kai ne mai tura mutane tsallaken titi, kai ka tsaya. Mun gode. Matasanmu, ku je ku koya tun bai sa wa shagon kwaɗo ba.

Lorna, da nake koyarwa a ajina bana, ta faɗa mini abin da ta gane: Baba Orval ma ya ji tsoro kamar yadda ta ji, bai dai ajiye aikin ba.