Yashi a Tulun Iri

A gidanmu, a wani ƙauye kusa da Guci, ba a ajiye irin wake a buhu. Inna ce ke ajiye shi a babban tulu, yadda ta tarar ana yi: ta zuba wake, ta bi shi da busasshen yashi har ya rufe, ta ƙara wake, ta ƙara yashi, har wuyan tulun. Sai ta kifa kasko ta liƙe da laka, ƙwaro ya rasa hanyar shiga. Farin wake ne ƙanana mai saurin nuna. Shi ke riƙe cikin gida a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya ƙare gero kuma bai kai ba.

Inna ba ta san zama ba. Da jika a bayanta take daka, da shi take matse man gyaɗa, ta toya ƙuli-ƙuli, ta wuce gayaunarta da fartanya a kafaɗa. Kuma ba a shigo mata da kwano wayam a fita da shi haka. Ni da na ɗauko zafin zuciyar marigayi Baba, na sha ce mata wannan ba kyauta ba ce, ciwo ne. Sai ta yi dariya ta ce in tafi in yi wa yarana na makarantar lakwal faɗa, ita ta wuce aji.

Shekarar da nake magana a kai, daminar da ta gabata ta yi gardama, gidaje da yawa sun cinye har irinsu. Na zo hutu daga Magaria inda nake koyarwa. Yayana, wanda ke riƙe da gidan tun rasuwar Baba, ya riga ya shuka gero da ruwan farko, yana jiran ruwa mai ƙarfi ya sa wake a tsakani. Kullum da safe in ya shiga gaida Inna sai ya kama wuyan tulun ya jijjiga. Ya ji nauyinsa na nan, ya fita hankali kwance.

Ranar kasuwar Guci, gida ya watse, na dawo daga rijiya da azahar na tarar da tulun a buɗe. Inna na durƙushe da rariya tana tankaɗe yashi. A gabanta wata dattijuwa ce ta shimfiɗa gefen mayafinta, kanta a ƙasa. Na gane ta tun kafin ta ɗago: surukar Yaya ce, uwar matarsa, ta tako da ƙafa daga ƙauyensu. Inna ta zuba mata gwangwani biyu. Matar ta ƙulle, ta gan ni, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta fita ko sallama ba ta iya yi ba.

Ina tsaye Inna ta ɗebo yashi a tsakar gida ta cika gurbin, ta kwaɓa laka ta liƙe kaskon.

"Inna, tun yaushe kike wannan?"

"Rage murya."

"Mutum nawa kika ba?"

"Ban ƙirga ba. In ba su shuka bana ba, baɗi ma haka za su zauna."

"Mu fa? Jikokinki shida a gidan nan, me za su ci in rumbu ya ƙare?"

"Na sama kawai nake ɗiba. Na ƙasa yana nan, ya ishe mu." Sai ta riƙo hannuna da lakar da ke nata. "Wadda kika gani, ba ki gan ta ba. In yayanki ya ji uwar matarsa ta zo roƙon iri gidansa, yarinyar nan ba za ta ƙara ɗaga kai a tsakar gidan nan ba. Kin ji ni?"

Na ce na ji, amma raina a ɓace yake ƙwarai.

Kwana tara na yi ina kallon gabas. Kowa a garin yana roƙon ruwa, ni kaɗai gabana ke faɗuwa in hadari ya taso. Kasuwa ta zagayo, na hau moto mai ƙafa biyu na je na duba rumfa-rumfa. Wake akwai, amma ba irin namu ba, mai daɗewa ne da ba ya nuna sai bayan gero. Na dawo hannu rabbana. Washegari ina ji daga ɗaki Yaya ya gaida Inna, ya jijjiga tulun, ya ce, "Alhamdulillahi."

Ruwan ya sauka da la'asar, mai ƙarfi, har ya kwanta a tsakar gida. Da sassafe Yaya ya mirgino tulun waje, ya shimfiɗa tabarma, ya fasa lakar. Matarsa ta zauna da rariya. A sama wake ya fito, kyakkyawa. Ya ci gaba da juyewa, sai yashi. Ya ƙara karkata tulun, yashi. Ya zura hannu har kafaɗa ya yamutsa, ya fito da yashi. Abin da ya taru a ƙwarya bai cika rabin tiya ba.

Inna da kanta ta razana, na ga bakinta ya buɗe. Daga baya na gane abin da ya faru. Jijjigar da Yaya ke yi kullum ita ke tura yashi ƙasa ta taso da waken sama. Duk buɗewar da Inna ta yi sai ta tarar da wake a baki, ta ɗauka na ƙasa bai taɓu ba.

"Inna," in ji Yaya, muryarsa ƙasa-ƙasa, "ina irin?"

Ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa, ba ta kallon idonsa. Katanga ta kalla ta ce, "Ni na bayar."

"Wa kika ba? Jiya aka yi ruwa, ba kowa ya fita gona ba. Faɗa mini in bi su yanzu, ko rabi ne in roƙa su dawo da shi."

Gaskiya ce ya faɗa, kuma na san da an bi da an samu wani abu. Inna ta ce, "Abin da na ba mutum a ɗaki ba za a karɓo shi a ƙofar gidansa ba."

"Don Allah, Inna. Yaran nan."

Sai ya juyo kaina. "Ke kina gida kullum. Wa kika gani?"

Na dubi matarsa. Tana ta tankaɗe yashin da ta riga ta tankaɗe. A nan na san ta sani. Yara sun yi cirko-cirko a bakin ɗaki, ƙaramar tana tsotsar yatsa. Sunan surukar tasa na bakina.

Na ce, "Ban ga kowa ba, Yaya."

Ya daɗe yana kallona. Ya ɗauki ƙwaryar ya fita, ya shuka kusurwa ɗaya ta gonar.

Mun sha wuya a daminar nan. Tafasa da rama muka yi ta ci, aka sayar da akuya biyu, ƙaramar yarinyar ta rame har wuyanta ya fito. Inna ke fita ɗibar ganye tun asuba, rabonta na tuwo kuma ta tura wa jikoki ta ce ta ƙoshi. Yaya bai fasa gaishe ta ba, amma daga bakin ƙofa. Bai ƙara taka cikin ɗakin ba, shekara uku, sai ranar da aka kira shi ya fito da gawarta.

Ranar sadakar uku ina raba fura a cikin gida, na jiyo shi a bayan zana yana ce wa wani, "Allah Ya gafarta mata, uwa ce ta gari. Amma shekarar nan ta zaɓi mutanen waje a kan jikokinta." Surukarsa na zaune gabana a kan tabarma, ta miƙo hannu za ta karɓi ludayi. Ita ma ta ji. Muka dubi juna. Na sa mata ludayin a hannu na wuce ga ta gaba, hawaye na zubo mini, aka ɗauka na rashin uwa ne kaɗai.