Baba Jatau, Ka Tafi Injin Yana Buɗe

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 12 ga Fabrairu, 2025, bayan sallar azahar aka bugo mini waya cewa Allah ya karɓi ran Baba Jatau makanike a Talata Mafara. Zazzaɓi ne, bai ma kwantar da shi sosai ba. Ni Raliya ce, ma'aikaciyar jinya a ƙaramin asibitinmu na Garbadu. Tun ranar na kasa nutsuwa.

Baba, mota ɗaya gare mu, tsohuwar Golf da mutanen gari suka haɗu suka saya don kai masu naƙuda Mafara idan haihuwa ta gagare ni. Kai ka riƙe ta da rai shekara da shekaru.

Ina tuna wata safiya da damina. Mun ɗauko wata mai naƙuda, Taibatu, tana zubar da jini, injin ya soma ƙara, kas-kas-kas, ƙarfinsa ya mutu. Direbanmu Mamuda ya kira ka. Ka zo bisa babur, rigarka sharkaf. Ka ɗora bakin sukundireba kan injin, ka kara kunne a ƙotarsa, ka ce, "Tafet ne, ɗiyata, baƙin mai ya yi ƙasa. Ku tahi a hankali, ina bayanku." Ka ƙara mai, ka bi mu har ƙofar asibiti. Yaron da aka haifa ranar yanzu yana makaranta.

Washegari ka buɗe murfin injin, ka nuna mini tafet ɗin, ƙananan ƙoƙunan ƙarfe da ke danna bawul, wato ƙofofin iskar inji, mai ne ke cika su. Ka danna kowanne da ɗan itace. Wanda ya lotsa ka cire, ka wanke da kananzir, ka buɗe 'yar kafar da datti ya toshe, ka jiƙa shi da sabon mai, ka mayar da shi raminsa. Ka yi wa Mamuda faɗa kan barin mai ya tsufa, sannan ka raba masa goro.

Ranar Litinin, kwana biyu kafin rasuwarka, ƙarar ta dawo, muka kai maka motar. Ka buɗe, ka ce wasu tafet sun cinye, sai an sake su, mu dawo Alhamis. Alhamis ta same mu a zaman makokinka.

Ranar Asabar naƙuda ta kama Suwaiba matar Auwalu, ɗan ya zo a gicciye. Ba mota. Babur muka hau, ita a tsakiya, ni a baya ina rungume da ita, ramukan hanya suna jijjiga mu. Suwaiba ta rayu. Jaririn bai zo da rai ba. Na san ajali ne, Baba. Amma a hanyar dawowa na biya garejinka, na tsaya gaban motar na yi ta kuka. Murfin yana gefe, tafet suna jere cikin mai yadda ka bar su. Makanikai biyu sun duba, sun ce a sake inji. Ina muka ga halin sake inji? Ga wata mai cikin kuma, Husna, watanta ya tsaya, tagwaye ne, cikin fari. Kullum ta gan ni sai ta tambaya ko an gyara.

Ɗanka Sanusi, wanda noma ya riƙe, ya ce akwatin kayan aikinka yana nan, duk mai iyawa ya zo ya ɗauka. Makanikan Mafara, na Bakura da na Maradun, duk wanda ya taɓa zama gaban Baba Jatau ya koyi wani abu, don Allah ya zo ya ƙarasa aikin nan.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa rayukan da ka taimaka suka iso duniya su zama nauyin mizaninka. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Inna Zainab, da Sanusi da ƙannensa. Allah ya ba ku haƙuri. Mu kuma da ka bari, Allah ya dube mu, ya sauki Husna lafiya.