Ranar da Kaka ta bi kurarta har lakwal

Ni ban taɓa zama a lakwal ba, wato makarantar boko, ban kuma ga abin da na rasa ba. Jikata Nana ce ke rubutawa, ni ina faɗa. In kun ga kuskure, na hannunta ne.

A Bande, zamanin Nasara, in ɗari ya shigo, Kaka takan hura wutar kara a tsakar gida bayan an ci tuwo, ta zube mana gujiya mu ɓare. Da hannunmu ya tsaya, bakinta ma sai ya tsaya. Dokarta ɗaya ce: ba a tatsuniya da rana, mai yi ɓata yake yi. In ta kama dole, sai a zaro ciyawa daga jinkar ɗaki a ƙulla, an ɗaure tatsuniyar ke nan.

Wadda muka fi so ita ce ta kura da makiyayi. Kura ta ga in Bafillace ya yi kira, shanu a guje suke zuwa. Sai ta laɓe a bayan geza, ta tare kiran da gora, ta toshe. Ta yi nisa cikin daji, ta wanke hannu, ta buɗe. Kira ya fito sarai, amma ko saniya ɗaya ba ta ɗaga kai ba. Karnukan ruga ne suka amsa. Kaka a zaune take yin gudun kurar, har ɗankwalinta ya faɗi.

Ana nan aka kama yayana Habu, aka kai shi lakwal a Magaria. Da ya zo hutu, sai ga shi a bakin wuta da kaye, littafin rubutunsu, yana ta zane-zane.

Kaka ta ce, "Angona, me kake tonawa kamar kaza?"

"Kurarki ce, Kaka. Mushe, malaminmu, ya ce kowa ya kawo tatsuniyar gidansu da Faransanci, ya karanta."

"Oho! Kurar tawa har ta iya Faransanci?"

Ta yi ta fariya wa maƙwabta. Sai da Habu ya koma, muna cikin ɓara, ta tsaya cak. "Wai yaushe suke karatun nan?" Na ce da hantsi. Ta dafe ƙirji. "Za su ɓatar mini da miji!"

Washegari muka bi masu jakuna zuwa Magaria. Muka tarar da Habu tsaye gaban yara, ya buɗe kaye. Kaka ta ɗaga kai tana neman jinka. Soro ne, ko tsinke babu. Mushe ya fito, wani dogo da malafar kaba a ka.

"Iya, lafiya?"

"Lafiya lau, ɗana. Sunkuyo."

Ya sunkuyo, ya ɗauka raɗa za ta yi masa. Ta fizgo zaren kaba daga malafarsa, ta ƙulla, ta cusa a aljihun Habu. "To, yanzu karanta." Mushe ya yi dariya har da hawaye, ya ce shi ma kakarsa haka take. Habu ya karanta. Kaka ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Wannan kurar ba ta da ƙafa."

Habu bai ɓata a daji ba. Ya gama lakwal, ya yi Damagaram, daga can sai Yamai. Gaisuwarsa kawai ke zuwa a takarda, wani ya karanta mana. Tana fitowa sarai, kamar kiran cikin gora, bakin ne babu. Har Kaka ta bar duniya cewa take yi kaba ba jinka ba ce, shi ya sa ƙullin bai kama ba.

Da ina yi mata dariya. Yau ga ni da rana tsaka, ina zuba wa Nana kura a takarda, ita kuwa hutu na ƙarewa Yamai za ta koma. Ba ta san tun da safe na ƙulla mata abu a bakin gyale ba. To, yanzu ta sani, tunda da hannunta ta rubuta. Ciyawar jinkar rumbu ce ta gaske, ba kaba ba.

Ke Nana, daina dariya. Kuma kada ki kwance.